Kabewar da Hajiyarsa Ta Aiko

Masu tambayata ko an fasa auren, ba a fasa ba. Masu tambaya ko an sa rana, ba a sa ba. Ku bari in gaya muku abin da kabewa ta yi mini a makon nan, kowa ya yanke nasa hukuncin.

Saboda waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Najiba, gidanmu yana Jabiri a Funtuwa. Bara na dawo daga Abeokuta, inda na yi karatun cututtukan shuka, shi ya sa in Inna, mahaifiyata, ta so tsokanata take kirana Bayarabiyar gidan nan. Mai nemana sunansa Abdulmutallib, ɗan Malumfashi, yana da shagon taki da maganin feshi a bakin kasuwa. Ba zan tsaya siffanta muku ƙwayar idonsa ba. Yana cika alkawari, yana sauraro in ana magana, takalminsa kullum a goge. Ina son sa. Shi ke nan.

Mahaifiyarsa, Hajiya Laraba, tana da wata al'ada tata ita kaɗai. In ɗanta ya kawo maganar yarinya, ba ta aika kowa bincike a unguwa. Irin kabewa take ƙullewa a tsumma da farkon damina, ta aika gidan yarinyar, ta ce ta shuka da hannunta. In shukar ta yi yaɗo ta zuba 'ya'ya, hannun yarinya mai albarka ne, sai a sa rana. In ta lalace, Hajiya ba ta cewa uffan. Maganar ce kawai za ta yi ta sanyi har ta mutu. Matan yayyensa duk ta wannan ƙofar suka shiga. Akwai wata 'yar Musawa da tunkiya ta cinye tata shukar, yanzu a wani gidan take aure.

Ranar da Fiddausi, yayarsa, ta kawo nawa ƙullin, dariya na yi. Inna ba ta yi ba.

"Ki yi dariyarki. Takardar kudu ba ta ɗaura aure."

Na shuka a bayan ɗakin Inna, gindin katanga. Ta fito, ta yi yaɗo, Inna ta fara gaishe ta da safe kafin ta gaishe ni.

Amma akwai wata kabewar a gidan, can ɗaya gefen tsakar gida, wadda ta hau rumfar madafi. Ta Nana Khadija ce, kakata mahaifiyar Baba. Daga Tsiga ta zo da irin, ranar da aka kawo ta amarya. Mai dogon wuya ce, cikinta ja kamar manja, tana kwana ƙarƙashin gado har wata daminar ba ta ruɓe ba. Nana ba ta taɓa ba maƙwabci ko ƙwaya ɗaya ba. Takan ce da amarya irin ya shigo, da amarya zai fita. Ba ta haifi mace ba, ni ce jikarta mace ta fari, saboda haka ni take nufi. Ta rasu ina makaranta. Da na dawo na tarar ɓeraye sun gama da ƙwaryar irin, sai 'yan ƙwayoyi a gindi. Bana na shuka duka, biyu suka fito. In waɗannan biyun ba su yi 'ya'ya masu lafiya bana ba, kabewar Nana ta ƙare a duniya.

Ranar Litinin da safe, bayan an kwana ana ruwa, na zagaya bayan ɗaki da buta a hannuna. Na tsaya cak. Sababbin ganyen kabewar Hajiya sun yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, sun tattare kamar fatar da wuta ta lasa, gefensu ya murɗe. Na san wannan cutar kamar yadda na san sunana. A cikin iri take zuwa. Ba ta da magani. Ƙananan jajayen ƙwarin nan masu huda ganye su ke ɗaukar ta daga wannan shuka zuwa waccan, hannu ma yana ɗauka, wuƙa ma haka.

Na sami Inna tana tankaɗen garin masara.

"Inna, kabewar Hajiya ba ta da lafiya."

Ba ta ɗago ba. "Na gani."

"Kin gani?"

"Ina da ido. Kullum da asuba nake tsinke munanan ganyen da farce in jefa a shara. Da ban yi haka ba ai da tuni kin gani."

Na ce, "Bayan kin tsinke, kin taɓa ta Nana?"

Rariyar ta tsaya a hannunta.

"Inna."

"Na ɗan gyara mata hanya ne ta hau rumfa. Sau ɗaya. Ko biyu."

Na zauna a kan turmi. Na yi mata bayani a taƙaice: dole a tuge ta Hajiya yau, a ƙone, kafin ƙwari su gama kwashe cutar zuwa madafi.

"Ranar Asabar Hajiya za ta zo gani da idonta," in ji Inna. "Ki bari Asabar ta wuce, in kin so ki tuge har katangar."

"Ƙwarin ba su san Asabar ba."

"Ni na sani. Kuma ni na haife ki, ba ƙwaro ba. Kada hannunki ya kai kan shukar nan."

Ku da kuke rubuto mini cewa ba ni da kunya, ku shaida: na yi shiru. Na bi.

Abin da zan iya yi ba tare da na karya maganarta ba, na yi. Na daka ganyen darbejiya na jiƙa, na yayyafa wa ta Nana. Kowace safiya, kafin rana ta yi zafi ƙwarin su fara tashi, ina bin ganye ɗaya-ɗaya ina kakkaɓe su cikin ruwan sabulu. Na yanke ganyen da suka cunkushe don iska ta ratsa, da wuƙar da na ƙona bakinta. Na hana a watsa ruwan wanke-wanke a wajen. Na ɗaure tsohon gidan saurona a tsakanin shukokin biyu, ya zama kamar labule a tsakar gida. Na kuma ce wa Inna, cikin ladabi iya yadda na iya, kada ta sake taɓa ta Nana.

"Yau kuma a gidan mijina ake kafa mini doka," ta ce. "Allah ya kai mu, Bayarabiya."

Tun ranar Litinin ɗin na gaya wa Abdulmutallib shukar ba ta da lafiya, da yamma saƙonsa ya shigo.

Shi: Ranki ya daɗe, likitar kabewa. Ya mai jiki?

Ni: Ba za ta tashi ba.

Shi: Akwai magani mai ƙarfi a shago. In ba direban Funtuwa ya kawo miki yau.

Ni: Maganinka ƙwaro yake kashewa. Ba ya cire cuta daga jikin shuka.

Shi: To a kashe ƙwarin mana, ta lallaɓa ta kai Asabar.

Ni: Ta Nana tana fure. In ka kashe mini ƙudan zuma wa zai haɗa furen, kai?

Ya turo hoton fuska mai dariya.

Ni: Ka gaya wa Hajiya gaskiya. Cutar a cikin ƙullin ta zo.

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa.

Shi: In je in ce mata kyautarta ce ta kai cuta gidanku?

Ni: E.

Shi: Najiba, tun ina yaro take alfahari da kabewar nan. Ko Alhaji, mahaifina, da ransa bai taɓa kushe ta ba. Ki yi mini haƙuri zuwa Asabar. Don ni.

Na kife wayar a kan katifa. Na ɗauka. Na sake kifewa. Don ni. Bai taɓa roƙona komai da wannan kalmar ba sai ranar.

Makon nan ban zauna wuri ɗaya ba. In na shiga ɗaki sai in ji kamar ƙwari suna tsallaka gidan sauron, in fito. In na fito Inna ta bi ni da ido, in koma. Ranar Alhamis aka kira mai lalle ta zana mini hannu har gwiwar hannu, baƙi da ja. Inna ta fito da atamfa shuɗiya mai zanen ganye wadda ta ɓoye tun Sallah, tela ya yi mini riga da zani da ɗankwali, aka turara su da turaren wuta har ɗakin ya koma kamar na amarya. Ina zaune hannuwana a miƙe lalle yana bushewa, idona yana kan taga.

Baba, Malam Shitu, ba ya shiga maganar mata. Ranar Juma'a da ya dawo masallaci ya tsaya gaban rumfar madafi, hannu a baya, ya daɗe yana kallon furannin.

"Bana ta yi fure irin na lokacin da tsohuwa take raye," ya ce.

"Baba, tana cikin haɗari."

"Innarki ta faɗa mini." Ya gyara hularsa. "Ke kika karanta abin nan. Ni ban karanta ba."

Ya wuce zaure. Bai ce yi ba, bai ce bari ba.

Da la'asar na juya wani ganye na ta Nana, na ga jajayen ƙwari sun jeru a ƙasansa, sun yi masa huji-huji. Na leƙa bayan gidan sauron. Irinsu ne cike a kan ta Hajiya. Labulena bai hana komai ba, ta sama suke bi.

Kwana ɗaya ya rage. Na gaya wa kaina haka har aka yi sallar magariba. Amma na san kwana ɗaya ba kwana ɗaya ba ne. In Hajiya ta zo ta ga shukarta a tsaye ta yaba, za ta ce a bar ta ta nuna, a kai mata ɗiyar fari. Inna za ta ce to. Asabar za ta zama kaka.

Ranar Asabar da sassafe, Inna tana madafi tana zuba ƙullun waina a tanda, na sa leda a hannuwana a kan lallen, na ɗauki fartanya. Sara kaɗan saiwar ta fito. Na naɗe yaɗon duka har da 'yar ƙaramar ɗiya guda da ta fara, na tura cikin buhu don kada ƙwari su watse, na tara kara a gindin katanga, na zuba kananzir. Ɗanyen ganye ba ya ci da daɗi. Hayaƙi ya turnuƙe, fari, mai kauri, ya haye katanga har gidan maƙwabta.

Inna ta zagayo da cokalin juya waina a hannu. Ta kalli ramin, ta kalli wutar, ta kalle ni. Na yi zaton za ta yi ihu. Zama ta yi a kan bulo.

"Kin ƙone aurenki da hannunki."

"Wataƙila."

"Wataƙila," ta maimaita, kamar tana ɗanɗana kalmar. Sai ta miƙe, ta koma Innar da na sani. "Akuyar gidan Haladu maƙwabcinmu ce ta shigo da dare ta cinye. Kin ji ni?"

"Akuya ba ta kunna ashana, Inna."

"Zan share tokar. Ke kuma ki shige ɗaki ki sa kayanki, kada in ji ko tarinki. Yarinya ba ta fitowa gaban uwar miji, wannan ko a Abeokuta an sani."

Na yi wanka. Na sa atamfar, na ɗaura ɗankwali, na yafa farin mayafi. Na shafa humra har sau biyu, amma hannuna bai daina warin kananzir ba.

Da hantsi a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofar gida. Ta gefen labule nake kallo. Fiddausi ce ta fara shigowa da sallama, jakar hannu da waya. Bayanta Hajiya Laraba: gajeriya, leshi ruwan toka, awarwaro biyu a hannun dama, carbi naɗe a na hagu. Ba ta bar kowa ya riƙe mata tsarabarta ba. Rungume take da ɗanyar kabewa daga bayan ɗakinta. Daga inda nake ina hango fatarta: ƙuraje-ƙuraje, dabbaren kore da rawaya.

Aka shimfiɗa darduma, aka gaisa, aka tambayi mutanen Malumfashi da ruwan bana. Inna ta jera waina da miyar taushe da zoɓo mai sanyi. Hajiya ta ce a rufe tukun.

"Bari in fara gaida 'yata ta bayan ɗaki."

Suka zagaya. Na koma taga ta baya. Inna ta share tokar, amma ƙasa ta yi baƙi, katanga ma ta yi baƙi har tsayin mutum.

"Wallahi Hajiya abin kunya," Inna ta fara, "akuyar maƙwabta ce..."

Hajiya tana kallon katangar. "Akuyar Funtuwa da wuta take kiwo?"

Fiddausi ta sunkuyar da kai, kafaɗarta tana rawa.

Ban san lokacin da na fito ba. Na durƙusa nesa kaɗan, mayafi ya rufe rabin fuskata.

"Ina kwana, Hajiya. Ni na tuge ta. Ni na ƙone."

Inna ta rufe ido.

"Lafiya lau," in ji Hajiya, a hankali. "Ke ce Najiba. Me ta yi miki?"

"Cuta ta kama ta, wadda ba ta warkewa. In na bar ta za ta kashe waccan." Na nuna rumfar madafi. "Ta kakata ce. Ita kaɗai ta rage."

"A gidanku ta kamu."

"A cikin ƙullin ta zo, Hajiya."

Hajiya ta juyo ta kalle ni.

"Wato daga gidana."

"Wadda kika zo da ita yanzu ma tana da ita. Ƙurajen nan na jikinta, su ne."

"Najiba," in ji Inna, muryarta kamar zare.

Hajiya ba ta kalle ta ba. "Shekara uku ke nan suna fita haka. Na ce ƙasar ce ta gaji." Ba da ni take ba, ba kuma da kowa ba. Ta juya, ta ɗage gidan sauron da gefen hannu, ta nufi rumfar madafi. Muka bi ta. Ta tsaya gaban kabewar Nana, ta daɗe tana kallon faɗin ganyen da furannin da 'yan ɗiyan masu dogon wuya da suka fara saukowa. Sai ta miƙa hannu.

Hannun da ya rungumo waccan tun daga Malumfashi.

Na riga ta. Na shiga tsakaninta da ganyen, na sunkuya na ɗauki buta da sabulun da nake ajiyewa a gindin rumfa, na durƙusa na ɗaga su sama.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Sai an wanke hannu."

Na ji Fiddausi ta ja numfashi. Inna kuwa ina jin da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ban ɗago ba. Takalman Hajiya kawai nake gani, baƙaƙe masu ɗan tudu, da laka a gefe.

Sai na ji ƙarar awarwaro ana tura su sama.

"Zuba."

Na zuba. Ta cuɗa sabulu har tsakanin yatsu, ta ɗauraye, ta yarfe. Ta kama ganye ɗaya da yatsa biyu, ta juya bayansa, ta sake shi.

"Ana samun irin wannan?" ta tambayi Inna.

Inna ta ce, "Marigayiya ta ce ba ya fita gidan nan sai da amarya."

"Uhm," in ji Hajiya.

Ba ta ci wainar ba. Ko zoɓon ba ta kurɓa ba. Ta ɗauki kabewarta da ta kawo, ta rungume, ta ce Fiddausi ta tsayar musu da abin hawa. Sallamar da ta yi gajeriya ce. Inna ta raka su zaure, ta dawo ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta shiga ɗaki ta saki labule. Har azahar ba ta ce mini ci kanki ba.

Na kira Abdulmutallib, bai ɗauka ba. Na tura saƙo, aka nuna ya karanta, shiru. Na cire atamfar na ninke. Na share tsakar gida da ba ta da datti. Na wanke tandar waina. Na duba waya. Na sake share tsakar gida.

Sai bayan la'asar saƙonsa ya shigo.

Shi: Me kika yi wa Hajiya?

Ni: Na sa ta wanke hannu.

Shi: Tun da ta dawo tana bayan ɗakinta da fartanya. Ta hana kowa taya ta. Hayaƙi ya cika unguwa.

Wani saƙon ya sake shigowa.

Shi: Ta ce in gaya miki bana ba ta da kabewa, kuma ke kika jawo. Ta ce baɗi irin kakarki take so a bayan ɗakinta, kuma ta ji sharaɗin. In ta gidanku ta nuna lafiya bana, ranar da aka yanka ɗiyar fari a zo a sa rana.

Shi: Najiba? Kina nan?

Ina nan. Ina tsugune gaban rumfar madafi, wayar a cinyata, ban ba shi amsa ba har yanzu da nake rubuta muku wannan. A can saman yaɗon, daidai inda Inna ta ce ta gyara mata hanya, akwai wani sabon ganye da bai gama buɗewa ba. A gefensa akwai ɗan ɗigon rawaya, bai kai ƙwayar gero ba.

Wataƙila hasken yamma ne. Na tare rana da tafin hannuna, na sake dubawa.

Yana nan.